MA'AIKATAN LABURARE 'YAN GWAGWARMAYA DA KOYAR DA DABARUN BINCIKE GA MASU NEMAN ADALCI A AMURKA

1.0 Gabatarwa

A tunanin mutane da yawa, ma'aikacin laburare mai tsaron littattafai ne kawai: ya jera su a kanta, ya buga musu hatimi, ya ba da aro, ya kuma hana surutu. Alhali kuwa babban abin da aka horar da shi a kai shi ne sanin inda bayani yake, da hanyar da za a bi a kai gare shi, da kuma yadda za a rarrabe tsakanin sahihi da jabu. Tun cikin shekarar 1876 Samuel Green, shugaban laburaren garin Worcester a Amurka, ya yi rubutu yana jawo hankalin abokan aikinsa da cewa tara littattafai bai wadatar ba, sai an zauna da mai karatu an taimaka masa ya gano abin da ya zo nema. Da wannan kira ne ake danganta asalin sashen amsa tambayoyi da ake samu a manyan laburare.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wasu ma'aikatan laburare na Amurka da suka fitar da wannan ƙwarewa daga bayan tebur, suka kai ta ga ƙungiyoyin da ke fafutukar neman adalci a zamantakewa, wato masu adawa da yaƙi da wariyar launin fata da danniyar masu ƙarfi. Za a dubi tushen al'amarin, da ƙungiyar da ta fi yin fice a kansa, da irin dabarun da suka koyar, da kuma matsayin harshe a cikin aikin. Abin da maƙalar ke son fitarwa shi ne, waɗannan ma'aikata sun ɗauki ɓangare wajen zaɓen waɗanda za su yi wa hidima, amma amfanin hidimar ya dogara ne kacokan a kan ƙin ɗaukar ɓangare wajen faɗin abin da hujja ta nuna.

2.0 Tushen Al'amarin

Ƙungiyar Laburare ta Amurka, wadda aka kafa a 1876, ta amince da wata takardar manufa a 1939 da ta tabbatar da 'yancin kowa na karanta abin da ya ga dama. Sai dai a jihohin kudancin ƙasar wannan alkawari bai kai ga baƙar fata ba, domin doka da al'ada sun hana su shiga laburaren da fararen fata ke amfani da su. A ranar 27 ga watan Maris na 1961 ɗalibai tara na Kwalejin Tougaloo suka shiga babban laburaren birnin Jackson a jihar Mississippi, suka zauna suna karatu, 'yan sanda suka kama su. A bazarar 1964 kuma masu fafutukar 'yancin baƙar fata suka buɗe ƙananan ɗakunan karatu a gidaje da majami'u na wannan jiha, da littattafan da aka tattaro gudunmawa. A wannan shekarar ce E. J. Josey, wani ma'aikacin laburare baƙar fata daga jihar Georgia, ya gabatar da ƙudurin da ya hana jami'an ƙungiyar ta ƙasa halartar tarukan ƙungiyoyin jihohi masu nuna wariya.

Waɗannan abubuwa sun sa matasan da ke cikin aikin suka fara tambayar kansu ko laburaren da ya rufe wa wani sashe na jama'a ƙofa zai iya kiran kansa ɗan ba-ruwanmu. Daga wannan tunani ne aka kafa sashen kula da haƙƙin al'umma a cikin ƙungiyar a 1969, sa'annan a 1990 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan laburare masu ra'ayin ci gaba a New York. Akasarin ƙoƙarin waɗannan ƙungiyoyi ya tsaya ne a kan gyara sana'ar daga cikin gida, ta hanyar ƙudurori da mujallu da taruka. Fita kan titi da kayan aiki domin yi wa masu zanga-zanga hidima kai tsaye bai yi ƙarfi ba sai a farkon ƙarni na 21.

3.0 Ƙungiyar Radical Reference

Daga ranar 30 ga Agusta zuwa 2 ga Satumba na 2004 jam'iyyar Republican ta yi babban taronta a birnin New York, inda ta tsayar da George W. Bush takarar shugaban ƙasa karo na biyu. A lokacin yaƙin Iraƙi ya shekara ɗaya da rabi ana yi, kuma dubban ɗaruruwan mutane sun yi shirin fitowa domin nuna adawa. Ana saura 'yan makonni a yi taron, wasu ma'aikatan laburare da ɗaliban fannin, cikinsu har da Jenna Freedman da Chuck Munson da Ellen Knutson da Shinjoung Yeo da James Jacobs, suka kafa wata ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna Radical Reference. Sunan yana nufin sashen amsa tambayoyi na masu neman sauyi tun daga tushe. Waɗanda suka ɗauka a matsayin abokan hulɗa su ne 'yan gwagwarmaya da ƙungiyoyinsu da kuma 'yan jarida masu zaman kansu.

Aikin ya kasu gida biyu. Wasu sun shiga cikin jama'a a kan titi ɗauke da jakar bayanai: taswirar gari, da hanyoyin sufuri, da lambobin wayar lauyoyi da masu ba da agajin gaggawa, da bayanin haƙƙin wanda aka kama, har ma da wuraren da za a sami bayan gida. Wasu kuma sun zauna a gidajensu gaban kwamfuta, in tambaya ta gagari na kan titi sai ya bugo waya, su bincika su ba shi amsa. A irin wannan taro babu abin da ke yaɗuwa kamar jita-jita, ana cewa an rufe hanya kaza ko an kama wane, ita kuwa jita-jita tana iya haddasa turmutsutsu. Saboda haka tantance abin da ya faru da wanda bai faru ba ya zama wani muhimmin sashe na hidimar. Buƙatar sanin haƙƙi kuwa ta fito fili, domin an kama mutane fiye da 1,800 a kwanakin taron, aka kuma saki mafi yawansu ba tare da an same su da laifi ba. A 2014 hukumar birnin ta amince ta biya kimanin dala miliyan 18 domin sasanta ƙararrakin da aka shigar.

Bayan an watse daga taron ƙungiyar ta ci gaba da amsa tambayoyi ta intanet, aka kuma kafa rassa a wasu birane kamar Boston. A nan ne salon aikinta ya bayyana sosai. Mai amsa tambaya ba ya tsayawa ga ba da amsa, sai ya bayyana inda ya duba, da kalmomin da ya yi amfani da su wajen nema, da dalilin da ya sa ya yarda da wata majiya ya ƙi wata. Da haka kowace amsa ta zama darasi, wanda ya yi tambaya yau zai iya yin binciken da kansa gobe. Reshen New York kuma ya riƙa shirya bita ga 'yan jaridar sa-kai a kan bin diddigin labari. Melissa Morrone, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ta tattara bayanan irin waɗannan ayyuka cikin wani littafi da ta shirya mai suna Informed Agitation, wanda aka buga a 2014.

4.0 Dabarun da Ake Koyarwa

Idan aka dubi abin da irin waɗannan ma'aikata suka koyar, za a iya karkasa shi gida huɗu.

4.1 Tsara Tambaya

Bahaushe ya ce tambaya rabin ilmi, masana fannin laburare kuwa sun daɗe da lura da cewa abin da mutum ya furta a gaban tebur sau da yawa ba shi ne ainihin abin da yake nema ba. A 1968 Robert Taylor ya bayyana matakai huɗu da buƙata ke bi: da farko tana nan a zuci ba ta da kalmomi, sai ta zama tunani mai kama da hazo, sai mutum ya iya faɗin ta da baki, daga ƙarshe kuma ya rage ta daidai da abin da yake zaton laburare zai iya ba shi. Aikin ma'aikaci shi ne ya yi tattaunawa da mai tambaya har su koma ga asalin buƙatar. Alal misali, idan mazauna wata unguwa suka ce kamfanin da ke kusa da su yana kashe su, wannan kuka ne, ba a iya bincikensa yadda yake. Sai an warware shi ya zama tambayoyi: wane ne mai kamfanin, wane sinadari yake fitarwa, nawa ne adadinsa, wace hukuma ce ta ba shi izini, kuma me doka ta ce? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da takardar da za ta amsa ta.

4.2 Sanin Ma'ajiyar Bayanai

Yawancin bayanan da masu fafutuka ke buƙata ba ɓoye su aka yi ba, suna nan a buɗe, sai dai an ajiye su a wuraren da talaka bai san da su ba. A Amurka dokar 1986 ta tilasta wa masana'antu bayyana yawan guba da suke fitarwa cikin iska da ruwa, bayan bala'in da ya auku a Bhopal ta ƙasar Indiya a 1984. Kamfanonin da ke sayar da hannun jari suna miƙa rahotonsu ga hukumar da ke kula da kasuwar, ƙungiyoyin agaji suna cika takardar haraji da ke nuna kuɗin shigarsu da albashin shugabanninsu, hukumar zaɓe ta tarayya kuma tana ajiye sunayen masu ba 'yan takara gudunmawa. Ga kuma ƙidayar jama'a da ake yi duk bayan shekara 10. Irin tasirin da haɗa waɗannan alƙaluma ke yi ya bayyana a 1987, sa'ad da wani rahoto na majami'ar United Church of Christ ya gwada wuraren zubar da guba da alƙaluman ƙidaya, ya nuna cewa launin fatar mazauna wuri shi ne babban abin da ke nuna ko za a sami irin wannan juji kusa da su.

Abin da ba a buga ba kuma ana iya neman sa ta dokar 'yancin samun bayanai ta 1966. A nan ma ƙwarewar ta rubutu ce. Wasiƙar da ta nemi duk abin da hukuma ta sani game da wani batu takan daɗe ba a amsa ba, amma wadda ta ambaci sunan takarda da ofishin da ke riƙe da ita da kwanakin da ta shafa tana da wuyar kaucewa.

4.3 Bin Diddigin Labari

Ɗan gwagwarmaya yakan ɗauka cewa tunda manufarsa mai kyau ce, duk alƙaluman da suka goyi bayanta gaskiya ne. A wajen bita ana koya wa marubuci ya ja layi ƙarƙashin kowace magana da ke cikin rubutunsa wadda za a iya gaskatawa ko ƙaryatawa, kamar suna da kwanan wata da adadi da maganar da aka jingina wa wani, sa'annan ya bi kowace ɗaya har zuwa majiyarta ta asali. Jaridu goma da suka kwafi labari daga wuri ɗaya ba shaidu goma ba ne, shaida ɗaya ce. Haka kuma ana tambayar wanda ya ɗauki nauyin bincike da abin da zai ƙaru da shi. Dalilin wannan tsanantawa a bayyane yake: ƙaramar ƙungiya ba ta da kuɗi ko mulki, jarinta shi ne a yarda da maganarta, kuskure ɗaya kuwa ya isa abokin hamayya ya watsar da sauran gaskiyar da ta faɗa.

4.4 Kare Sirrin Mai Bincike

Wanda yake tsoron ana leƙen abin da yake karantawa ba zai yi bincike da sakin jiki ba. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 majalisar Amurka ta zartar da dokar da ta faɗaɗa ikon jami'an tsaro na karɓar bayanan mutane, har da na laburare. A 2005 aka aika wa wata haɗaɗɗiyar ƙungiyar laburare ta jihar Connecticut takardar neman bayanan masu amfani da kwamfuta, tare da umurnin kada a faɗa wa kowa. Ma'aikata huɗu suka ƙi, suka garzaya kotu, aka kuma janye umurnin a 2006. A 2015 Alison Macrina ta kafa shirin Library Freedom Project, wanda ya horar da ma'aikatan laburare yadda za su koya wa jama'a kulle saƙonninsu da yin bincike a intanet ba tare da barin sawu ba.

5.0 Harshe da Sunan Batu

Ga masu nazarin harshe, sashen da ya fi jan hankali shi ne na kanun batutuwa, wato kalmomin da aka amince a riƙa jera littattafai a ƙarƙashinsu cikin kundin laburare. Mai nema ba zai sami littafi ba sai ya san sunan da aka raɗa wa batun, wanda ya raɗa sunan kuwa yana da nasa ra'ayi. Jerin da ya fi yaɗuwa shi ne na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Sanford Berman, wani Ba'amurke da ya yi aiki a laburaren Jami'ar Zambiya daga 1968 zuwa 1970, ya ji daga abokan aikinsa cewa kalmar Kafirs da jerin ke amfani da ita ga baƙar fatar kudancin Afirka zagi ce mai muni a wannan yanki. Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, tushe ɗaya da kafiri ta Hausa, amma Turawan mulkin mallaka suka mayar da ita ta ƙasƙanci. A 1971 Berman ya buga littafinsa Prejudices and Antipathies, inda ya tsamo kanu 225 masu nuna son zuciya ga mata da Yahudawa da mutanen Afirka da Asiya, ya kuma ba da shawarar madadinsu. Wani nazari da Steven Knowlton ya buga a 2005 ya gano cewa an sauya 88 daga cikinsu kusan yadda ya nema, an kuma gyara wasu 54 gyara na wani ɓangare.

Misali na kusa shi ne na Kwalejin Dartmouth. Wata ɗaliba da ta zo Amurka daga ƙetare ta tarar cewa littattafan da suka shafi irin rayuwarta an jera su ƙarƙashin illegal aliens, wato haramtattun baƙi. Ma'aikatan laburaren kwalejin suka nuna wa ƙungiyar ɗaliban yadda ake neman sauyi a hukumance, suka taya su tattara hujjar cewa kafofin labarai irin su Associated Press sun daina amfani da lafazin, aka miƙa buƙatar a 2014. Da farko an ƙi. A watan Maris na 2016 Laburaren Majalisa ya sanar da niyyar sauyawa, wasu 'yan majalisa suka tayar da ƙura, maganar ta kwanta har watan Nuwamba na 2021, lokacin da aka maye gurbin kan da wasu kalmomi biyu masu nufin waɗanda ba 'yan ƙasa ba da kuma shige da fice ba bisa doka ba. Shekara bakwai ke nan a kan kalmomi biyu.

Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin yawancin laburaren jami'o'inta da tsarin Laburaren Majalisar Amurka suke aiki. A tsarin Dewey kuma, wanda ake samu a makarantu da laburaren jama'a, Ingilishi yana da rukunin 420, Jamusanci 430, Faransanci 440, amma Hausa tana can a 493.72, Igbo a 496.332, Yarabanci a 496.333, duk cikin rukunin da ake kira sauran harsuna. Ma'ana, hanyar da ɗalibi ke bi ya kai ga littafi a kan harshensa an shata ta ne a wata ƙasa da wani mizani.

6.0 Muhawara a Kan Matsayin Ɗan Ba-ruwanmu

Ba duk ma'aikatan laburare ne suka yarda da wannan tafarki ba. A 1972 David Berninghausen ya buga wata maƙala yana gargaɗin cewa idan sana'ar ta rungumi aƙidun siyasa, za ta rasa amincewar jama'a, kuma wanda ya fara zaɓar ra'ayin da zai goya wa baya bai yi nisa da zaɓar littafin da zai hana ba. Wannan tsoro yana da tushe, domin mai ra'ayin riƙau shi ma yana biyan harajin da ake tafiyar da laburare da shi, yana kuma da haƙƙin a yi masa hidima ba tare da harara ba.

Ɗaya ɓangaren ya amsa da cewa bayani bai taɓa kasancewa a rabe daidai ba. Manyan kamfanoni da ofisoshin lauyoyi da hukumomin gwamnati duk suna da nasu ma'aikatan bincike da suke biya albashi, ba wanda ya ce sun saɓa wa ƙa'idar sana'a. Idan haka ne, yi wa masu haya ko ma'aikatan gona irin wannan hidima gyara ma'auni ne. Bugu da ƙari, 'yan Radical Reference sa-kai suka yi, a lokacin kansu, ba da sunan wuraren da suke aiki ba. Iyakar da ta rage ita ce ta gaskiya: idan ɗan gwagwarmaya ya zo da adadin da ba shi da tushe, wajibi ne a gaya masa, ko da ba zai ji daɗi ba. Ma'aikacin da ya lanƙwasa hujja domin faranta wa abokan tafiya ya cuce su, ya kuma tabbatar da zargin Berninghausen.

7.0 Kammalawa

An ga yadda wannan aiki ya taso daga gwagwarmayar buɗe ƙofar laburare ga baƙar fata a shekarun 1960, ya kai ga fita kan titi a 2004, da kuma dabaru huɗu da aka koyar: tsara tambaya, da sanin ma'ajiyar bayanai, da bin diddigi, da kare sirri. An kuma ga cewa kowace ɗaya daga cikinsu tana ratsawa ta harshe, tun daga mayar da kuka ya zama tambaya har zuwa sunan da aka ba batu a kundi. Nijeriya ta sami dokar 'yancin samun bayanai a 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, amma takardun hukuma da Ingilishi ake rubuta su, mafi yawan waɗanda suka shafa kuwa da harsunan gida suke tunani. Ƙirƙiro kalmomin bincike da kanun batutuwa cikin waɗannan harsuna aiki ne da ma'aikacin laburare ba zai iya shi kaɗai ba, sai da hannun masanin harshe.